Itatuwan Da Ke Cikin Tufafinmu: Daga Kura Zuwa Bunkure

Zuwa ga Edita,

Ina roƙonka ka ba ni ɗan fili a cikin jaridarka in ba 'yan'uwana malamai da akawuna labarin wata ƙasa da ke kusa da mu, wadda yawancinmu kan ratsa ta a mota ba mu dube ta ba, watau ƙasar Kura da Bunkure, inda ake noman rani da ruwan Tiga. Labarin shinkafa da tumatir kowa ya san shi, saboda haka na bar wa masu shi. Nawa labarin na itatuwa ne, da yadda suka shiga cikin tufafin da muke sawa. Amma sai an yi mini haƙuri in fara da wata ƙasa mai nisa, gama sau da yawa mutum ba ya ganin kyan abin gidansu sai ya aza shi kusa da na wani.

A can gabashin duniya, a ƙasar Japan, akwai wani itace da suke kira momiji, Turawan Ingila kuwa su ce da irinsa mapul. Ba shi da girma ƙwarai. Ganyensa kamar tafin hannun yaro ne a buɗe, mai yatsu biyar ko bakwai, wani har tara. Duk tsawon lokacin zafi yawancinsa kore ne shar. In sanyi ya gabato, dare ya fara tsawo, sai itacen ya janye abincin da ke cikin ganyen ya ajiye a jikinsa, koren ya dushe, sukarin da ya saura a ganyen kuwa ya juye ya zama wani jan rini. In aka dace da rana mai haske da dare mai sanyi, jan ya fi ƙarfi. A birnin Kiyoto, wanda ya zama mazaunin sarkinsu tun shekarar 794 har wajen 1868, cikin watan Nuwamba ne abin ke kai matuƙa, duwatsun da ke kewaye da gari su yi ja wur kamar an watsa garwashi. Mutane su fita takanas da iyalansu don kallo, har fitar tana da sunanta, wanda ma'anarsa ita ce farautar jan ganye.

Ba su tsaya ga kallo kaɗai ba, sai da suka ɗauko ganyen suka sa a rigarsu, wadda daga baya ake kira kimono. A zamanin da suke ce wa Heyan, daga 794 zuwa 1185, matan fada kan sa riguna na alharini da yawa, wata bisa wata, kowace da launinta, a jera su yadda bakin kowace zai leƙo a wuya da hannu. Kowane jeri yana da suna da lokacinsa, cikinsu har da jerin momiji, inda ake haɗa ja da rawaya da kore don a kwaikwayi ganye yana juyawa. A ƙarshen ƙarni na 17 kuma aka shahara da wata dabarar rini a Kiyoto mai suna yuzen: a zana ganyen a jikin yadi, a bi layin zanen da kunun shinkafa mai kauri don kada launi ya tsallaka, sa'an nan a cika ciki da rini. Wani zane da suke ƙauna shi ne na jan ganye yana tafiya bisa ruwa, sun ba shi sunan kogin Tatsuta da ke lardin Nara. Abin da ya fi ba ni sha'awa kuwa shi ne ladabin sa rigar. Mai hankali kan sa rigar jan ganye gabanin ganyen ya yi ja da kaɗan, kamar mai yi wa lokaci maraba. In ganye ya gama zuba, sai a ninke ta a ajiye sai baɗi.

To, mu fa? Wannan tambaya ce ta sa na bi ƙasar Kura da Bunkure cikin watan Fabrairu, ina duban itatuwa da tufafi tare.

In ka bar Kano ta hanyar Zariya, ka yi tafiyar wajen mil 20, sai ka iso Kura. Abin da zai fara tarbarka yau shi ne ƙarar injunan casa, da hayaƙin masu turara shinkafa, da shanya ko'ina. Yaron da aka haifa cikin 'yan shekarun nan zai rantse da shinkafa aka san garinsu tun fil azal. Ko kusa. Da rini aka san Kura, kuma sunanta ya kai inda yawancin mutanenta ba su taɓa takawa ba, saboda rawanin nan da ake kira ɗan Kura. Masaƙa kan saƙa ƙyalle siriri ƙwarai, wanda faɗinsa bai fi yatsa ɗaya ko biyu ba, a ɗinka su gefe da gefe har su zama rawani ko turkuɗi, a kai marina a tsoma, a fitar, a sake tsomawa, har ya bar shuɗi ya koma baƙi. Daga nan sai mabuga, inda ake barbaɗa masa garin shuni a yi ta bugu bisa gungume har ya ɗauki wani walƙiya kamar ƙarfe. Buzayen Agadas da na Azbin su ne manyan masu saye. Shunin kan zauna musu a fuska, su kuwa ado suke ɗaukar wannan, shi ya sa Turawa ke kiransu shuɗɗan mutane. Baturen Jamus nan, Heinrich Barth, wanda ya yi yawo a ƙasashenmu da sunan Abdulkarim, ya sauka Kano a 1851, ya ƙiyasta cewa rinannen tufafin Kano da ake kai wa Tambutu kaɗai ya kai kayan raƙumi 300 a shekara. Ba a cikin birni aka rina wannan duka ba. Garuruwan karkara irin su Kura suna da babban rabo a ciki.

Yanzu sai mai karatu ya ɗauki ɗan Kura a zuci, ya juya shi gaba da baya. Ba zai ga zanen ganye ko ɗaya ba, ba fure, ba reshe. Amma bari mu bi shi baya mu ga daga ina ya fito. Zarensa auduga ce. Launinsa ganyen baba ne, wanda ake yanka a daka a shanya, wani lokaci a ƙara da talaki da ake kawowa daga kudu. Baba shi kaɗai ba ya kama tufa, sai an jiƙa shi cikin karofi da ruwan toka an bar shi kwanaki ya ruɓa, tokar nan kuwa ta itace ce da kara. Ramin kansa da laso aka shafe shi don kada ya sha ruwa, laso kuwa katsi ne, watau laka ta gindin karofi da aka ƙona, a kwaɓa da gashin dabba da yauƙin dafara, ita ma tsiron daji ce. Gungumen da ake bugu a kai, da abin bugun, itace ne mai nauyi da tauri wanda zai jure duka shekara da shekaru. Ashe ke nan mutanen Japan sun zana hoton itace a jikin rigarsu, mutanen Kura kuwa itacen kansa suka narkar suka zuba a cikin tasu. A ganina wannan ita ce hanyarmu, kuma ba ta gaza tasu ba. Sai dai tasu tana tuna wa mai sa rigar da itacen kullum, tamu kuwa tana ɓoye shi, har mai naɗa rawani ya manta cewa daji ya naɗa a kansa.

Wanda bai taɓa tsayawa bakin karofi ba ya yi asarar wani kallo. Sa'ad da marini ya ɗago tufa daga ramin, kore-kore take fitowa, kamar ruwan kududdufi. Yana matse ta, iska na taɓa ta, sai ta juye shuɗiya a gaban idonka kafin ka ƙirga ashirin. Ganyen momiji makonni yake ɗauka kafin ya sake launi, na baba kuwa a hannun marini nan take ne. Har wa yau, su ma mutanen Japan suna da nasu shunin, wanda ƙasar Tokushima ta yi suna a kansa, suna ruɓar da ganye su haɗa da ruwan toka kamar yadda marinanmu ke yi, kuma a da matansu kan bugi tufa da guduma ta itace don ta yi laushi da sheƙi. Ba wanda ya koya wa wani, buƙata ce ta kai kowa ga dabara guda.

Akwai kuma tsamiya. Kowane malami ya san rigar tsamiya, amma ɗalibai nawa ne za su iya faɗin abin da ya haɗa riga da itacen da ake kunu da 'ya'yansa? Wasu tsutsotsi ne ke cin ganyen itace, in sun ƙoshi su taru su saƙa wa kansu gida guda babba. A ɗebo gidan, a dafa shi cikin ruwan toka har danƙonsa ya saki, mata su kaɗa shi zare. Akwai wadda ake samu a jikin tsamiya, akwai kuma tsamiyar doka. Yarbawa na kiran irin wannan zare sanyan, su ma tufar manya ce a wurinsu. Launinta ruwan ƙasa ne mai haske, ba a buƙatar rina ta, da ita ake yi wa manyan riguna aiki. Ko sunayen launi a bakinmu, dubi yawan waɗanda muka aro daga tsiro: ruwan ɗorawa daga garin ɗorawa, ruwan goro, rawaya daga saiwar tsiron da ake kira rawaya, shuɗi kuma ɗan'uwan shuni ne.

Aikin allura kuwa, watau aska biyu, aska takwas, tambari da dagi, duk layi ne da da'ira da ƙulli. Waɗansu kan ce addini ne ya hana mu zana itace. Wannan magana ba ta da ƙarfi, gama abu mai rai malamai suka yi magana a kai, itace da fure kuwa an cika masallatan Masar da Istanbul da zanensu. Al'ada ce kawai ta maɗinkanmu ta bi wata hanya. Ganye da fure sun shigo tufafinmu sosai ne ta atamfa, wadda aka zana a Holan da Ingila, daga baya a masaƙun Kaduna da Kano, yanzu kuwa yawanci daga Sin. Dubi atamfar da ke gidanka da kyau, da wuya ka gane ganyen kuka ko na ɗorawa a jikinta.

Saura maganar ja, wadda ita ce asalin zancen. A babbar riga ta da, ja yana ɓoye ne a ciki, watau shafi. A ɗinka rigar saƙi baƙa mai ɗigon fari kamar gashin zabo, a yi mata shafi da jan alharini, in mai ita ya naɗe hannun riga bisa kafaɗa sai jan ya leƙo. Wannan ya yi kama ƙwarai da dabarar matan fadar Japan da na ambata, ta barin launi ya leƙo daga baki. Amma alharinin nan baƙo ne. Ta hamada ake kawo shi, daga Tarabulus ta Gadamas, a rine. Jan da muke da shi na gida, irin na karan dafi, dukawa ne suka fi cin moriyarsa a jikin fata.

Alhali kuwa muna da jajayen itatuwa, kuma suna da lokacinsu kamar momiji. Sai dai namu a fure suke ja, ganyensu kuwa bushewa kawai yake ya zube. Cikin hunturu gurjiya, wadda waɗansu ke kira kurya, takan zubar da ganyenta ƙaf, ta tsaya tsirara da ƙayoyinta, sa'an nan ta fitar da furanni manya masu kauri, ja mai ratsin ruwan goro, kamar an rataya fitilu a busassun rassa. In hazo ya rufe gari, komai ya yi fari-fari, daga nesa za ka hango ta. Tana gamawa ɗorawa ta karɓa, ta sako tuntunta ja, kowane ɗaya a rataye da dogon zare, ƙudan zuma na kai da kawowa da rana, jemagu da dare. A nan ne kaɗai na sami inda itace da tufa suka haɗu a baki: abin da ke lilo a bisa jar dara ma tuntu muke kiransa. Duk wanda ya dubi na ɗorawa ya dubi na hula ya san ido guda ne ya raɗa musu suna. In bazara ta matso kuma, sabon tohon mangwaro ja ne, haka na doka a dajin Falgore, kudu da Tiga.

Na bar Kura na bi hanyoyin da ke bakin magudanan ruwa, ta wajen Kadawa, har na ɓulla Bunkure, ina neman waɗannan itatuwa. Ƙasar tana da kyau, ba mai musu. Alkama ta yi kore shar a tsakiyar rani, ga albasa, ga masara, ga kwandunan tumatir jere ana jiran mota. Ja kam akwai shi, amma a cikin kwando yake. In ka ɗaga kai, sai ka ga fili shimfiɗe har iyakar ganinka, da ƙyar ka sami inuwar da za ka tsaya, sai fa darbejiya da itacen turare a bakin ƙauyuka, su kuwa duka baƙi ne, ɗaya daga Indiya, ɗaya daga Ostireliya. Sai ka fita daga inda ruwa ke kaiwa, ka hau tudu, sa'an nan gonaki irin na da za su dawo, da ɗorawa da tsamiya da kuka da gawo a tsaitsaye cikinsu. A nan na ga tuntu. Gurjiya kuwa sai ɗai-ɗai.

Dalilin wannan ba ɓoyayye ba ne. An gina madatsar ruwa ta Tiga a zamanin Gwamna Audu Baƙo, aka gama ta a 1974, a 1976 kuma aka kafa Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, wadda aikin ya koma hannunta. Ruwa ba ya tafiya sai a ƙasa mai lebur, saboda haka sai da aka tumɓuke itatuwa da manyan injuna aka baje gonaki kafin a haƙa magudanai. Waɗanda suka tsira kuwa, da yawansu ba sa son ƙafarsu cikin ruwa rani da damina. Ba na cikin masu cewa da ma ba a yi ba. Wanda ya san yunwar da fari ya kawo a 1973 ba zai raina ruwan da ke ba mutum girbi biyu ko uku a shekara ba. Amma an biya kuɗin wannan arziki da wani abu da ba a rubuta a littafin lissafi ba. Ɗorawa guda tana ba gida kalwa ta daddawa, da garin ɗorawa, da makuba ta daɓe, kuma yawancin wannan amfani hannun mata yake shiga. Sunayen wurare ma shaida ne. Ga Ɗorawar Sallau kusa da Kadawa, ga Ruwan Kanya inda ruwan Tiga ke bi kafin ya iso gonaki, ga Gurjiya a ƙasar Bunkure. In ba a yi hankali ba, nan gaba sai an yi wa yara fassarar sunan garinsu.

Ba noman rani ne ya raunana karofi ba, kada a ɗora masa laifin da ba nasa ba. Tun 1897 wani kamfanin Jamus ya fara sayar da shunin da aka haɗa a masana'anta ba tare da ganye ba, a hankali ya kai ko'ina a duniya, har Indiya da ke noman shuni mai yawa ta ji a jikinta. Yadin kanti mai araha ya ƙarasa sauran. Har yanzu akwai masu yin ɗan Kura, Buzaye kuma ba su daina so ba, amma ramukan da aka bari sun fi waɗanda ke aiki yawa, kuma ba kowace tufa mai sunan shuni ce ta ga ganyen baba ba.

Abin da nake roƙon 'yan'uwana malaman makaranta, musamman na Kura da Bunkure da Garun Malam, ba mai wuya ba ne. Cikin watan Fabrairu a fita da yara yini guda, a kai su tudu su ga tuntu da furen gurjiya da idonsu, su rubuta sunan kowane itace da abin da ake yi da shi, su tambayi tsofaffin marina tun suna nan. Mutanen Japan ba su fi mu itatuwa masu kyau ba, fita kallo suka mayar al'ada. Maɗinkan hula kuma, waɗanda kullum ke neman sabon zane don kasuwa, me zai hana wani ya gwada furen gurjiya mai kunne biyar, ko tuntu da zarensa? In ya karɓu, ya sami abin da ba a kawo daga Sin ba.

Dashe kuwa, kada a yi shi a bakin magudanan siminti, gama saiwa za ta fasa su, manoma su yi kuka da gaskiyarsu. Wurinsa shi ne filin makaranta, da maƙabarta, da bakin kasuwa, da gefen burtali, da tudun da ruwa ba ya hawa. Kalwa tana da taurin ɓawo, sai a zuba mata ruwan zafi a bar ta ta kwana a ciki, a shuka a leda cikin bazara, in damina ta zauna a dasa. Tsamiya ma haka. Ɗorawa takan yi shekaru kafin ta fara 'ya'ya, kuma shekara uku na farko ba ta da maƙiyi kamar akuya, saboda haka kowace ɗaya sai an kewaye ta da ƙaya, an kuma damƙa ta a hannun aji guda da zai riƙa ba ta ruwa da rani.

Haza wassalam.

Naka,
Wani malamin makaranta, Kano.